Yadda Ake Taƙaita Ikon Goge Tashoshi a Manhajar Slack ta Wurin Aiki

Ma'aikatar da ta mayar da tattaunawar aikinta cikin manhajar Slack, inda ake raba zance zuwa tashoshi (channels), wato ɗakunan tattaunawa kowanne da batunsa, takan wayi gari, bayan shekara ɗaya ko biyu, da tashoshi barkatai: ta aikin da aka kammala tuntuni, ta kwamitin da ya watse, ta taron da aka yi aka tashi, da waɗanda aka buɗe bisa kuskure ba a taɓa rubuta ko harafi a cikinsu ba. A irin wannan lokaci ne wani ma'aikaci mai son tsabta yakan shiga saitin tasha da niyyar kawar da ita, sai ya duba sama ya duba ƙasa bai ga maɓallin gogewa ba. Galibi ba laifin kwamfutarsa ba ne, ba kuma na intanet ba; manhajar ce ta ɓoye masa maɓallin domin muƙaminsa bai kai ba. Slack, wadda aka buɗe wa jama'a a 2014 kuma ta koma hannun kamfanin Salesforce na Amurka a 2021, ta ɗaure ikon goge tasha ne a jikin muƙami, saboda haka duk shugaban da yake son ya san wanda zai iya share tarihin aikin ofishinsa, wurin da zai fara dubawa shi ne jerin mutanen da ya naɗa a manyan muƙamai. Manhajar ba ta da fuskar Hausa, don haka sunayen maɓallan da za a ambata a ƙasa an rubuta su ne kamar yadda suke bayyana a allo.

Mataki na farko: ka san muƙamin kowa

A kowane zauren aiki na Slack (workspace), wato gidan da ya tattara ma'aikata da tashoshinsu, akwai babban mamallaki guda ɗaya tak, wanda a farko shi ne mutumin da ya buɗe zauren. Shi kaɗai ne yake da ikon rushe zauren gaba ɗaya, shi kaɗai ne kuma zai iya miƙa wannan sarauta ga wani. A ƙarƙashinsa akwai sauran mamallaka, waɗanda za su iya zama da yawa, sannan masu gudanarwa, wato waɗanda kowa ya saba kira admin, sannan cikakkun membobi. A tsare-tsaren da ake biyan kuɗi akwai kuma baƙi iri biyu, mai shiga tasha ɗaya da mai shiga tashoshi kaɗan da aka zaɓar masa, kuma akasari 'yan kwangila ne ko ɗaliban da suka zo sanin makamar aiki.

Goge tasha aikin mamallaka da admin ne. Cikakken memba, ko da shi ya buɗe tashar da hannunsa, ko da shi ne shugaban sashen da tashar take yi wa aiki, ikon da aka ba shi a tsarin asali ya tsaya ne a kan jingine ta, wato rufe ta a ajiye ba tare da an goge abin da ke ciki ba. Baƙo kuwa ko jinginewar ba ya iya yi. Wannan ne abin da ya fi rikita mutane, domin a ofis girman mutum yana bin kujerarsa ne, a manhaja kuwa yana bin abin da aka rubuta a gaban sunansa. Darakta yana iya zama memba kawai, yayin da yaron da ya zo gyaran kwamfutoci bara yake riƙe da muƙamin admin har yau ba wanda ya tuna.

Domin ganin muƙamin kowa, ka shiga daga kwamfuta, ka latsa sunan zauren aikin da ke sama ta hannun hagu, ka zaɓi Tools & settings, sannan Manage members. Idan ka fi son hanya mai sauri, rubuta my.slack.com/admin a burauza yana kai ka shafi ɗaya. A nan za ka ga sunayen mutane da nau'in asusun kowannensu, kuma akwai damar tace jerin ya nuna maka mamallaka da admin kawai.

Mataki na biyu: ka rage yawan masu riƙe da babban muƙami

Wannan mataki ya fi dukkan sauran muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa saboda yana taɓa zukatan mutane. Ka ɗauki jerin da ka tace, ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka dalilin da ya sa aka naɗa kowane mutum. Za ka tarar an naɗa wani ne don ya gayyato sabbin ma'aikata a wani mako da aiki ya yi yawa, an naɗa wani don ya saka wata manhajar kalanda, an naɗa wani kuma don kawai babba ne ana jin nauyinsa. Kowane ɗayansu yana da ikon shafe tashar kuɗi ko ta kwangila cikin ƙasa da minti ɗaya, ko da kuwa bai san yana da ikon ba.

Akwai wani abu a tsarin da ya sa jerin yake kumbura da kansa. Admin yana iya naɗa wani memba ya zama admin, amma sauke admin aikin mamallaka ne, sauke mamallaki kuma sai babban mamallaki. Ke nan ƙofar shiga ta fi ta fita faɗi, kuma idan ba a sa ido ba sai a iske mutum fiye da goma a zauren da bai wuce ma'aikata hamsin ba suna da ikon gogewa. A ganina ƙaramar ma'aikata ba ta bukatar fiye da mamallaka biyu ko uku, domin kada a rasa mai tsayawa idan ɗaya ya yi tafiya ko ya kwanta rashin lafiya, da admin kaɗan waɗanda kula da manhajar yana cikin aikin da aka ɗauke su su yi.

Sauke mutum ba shi da wahala: a shafin membobi ka latsa ɗigo ukun da ke gefen sunansa, ka zaɓi Change account type, ka mayar da shi cikakken memba, ka adana. Abin da yake bukatar hikima shi ne sanar da shi kafin a yi, a bayyana masa cewa ba zargi ba ne, kuma saƙonninsa da tashoshinsa duk suna nan yadda ya bar su. Wanda ya bar aiki kuwa a rufe asusunsa a ranar da ya miƙa makullai. Rufe asusu ba ya goge saƙonnin da mutum ya rubuta. Idan mai barin aikin shi ne babban mamallaki, dole ne ya miƙa mallakar ga wani tun yana nan, domin ba wanda yake da ikon rufe asusunsa ko sauke shi daga cikin zauren, kuma ƙwato zaure daga hannun wanda ya tafi da fushi doguwar hanya ce da sai an bi ta wurin kamfanin Slack. Ya fi dacewa asusun babban mamallaki ya kasance a kan adireshin imel na ma'aikata wanda hukumar gudanarwa take da iko da shi.

Waɗanda suka rage a jerin kuma a wajabta musu tabbatar da shiga ta matakai biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da lambar da take zuwa waya. Rage yawan admin ba zai amfana ba idan ɓarawon kalmar sirri zai iya shiga da sunan ɗaya daga cikinsu ya yi ɓarna.

Mataki na uku: ka bambanta jinginewa da gogewa, ka koya wa ma'aikata

Jingine tasha kamar ɗauke fayil ne daga kan tebur a kai shi ɗakin ajiya, gogewa kuwa cinna masa wuta ce. Idan aka jingine tasha, ba wanda zai ƙara aika saƙo a cikinta, manhajojin da aka haɗa da ita za su daina aiki a wurin, za ta kuma ɓace daga jerin tashoshin da ke gefen allo, amma abin da aka tattauna yana nan, ana samunsa ta hanyar bincike, kuma ana iya farfaɗo da tashar duk ranar da bukata ta taso. Idan aka goge ta, saƙonninta sun tafi ke nan. Babu kwandon shara da za a koma a tsinto su, babu wa'adin canza shawara.

Daga cikin tashoshi goma da ake son kawarwa, da wuya a sami fiye da ɗaya da take bukatar gogewa ta gaskiya. Abin da mai ƙorafi yake so shi ne tashar ta daina tare masa ido, kuma jinginewa tana biya masa wannan bukata, wani lokaci ma fita daga tashar kawai ya ishe shi. Hanyar jinginewa ita ce a buɗe tashar, a latsa sunanta da ke sama, a shiga Settings, a zaɓi Archive channel, a tabbatar. Yana da kyau a rubuta sunayen membobin tashar a wani wuri kafin a jingine, domin aikin sake gayyatarsu ya zo da sauƙi idan an farfaɗo da ita.

Dalili ɗaya da yakan tura mutane neman gogewa shi ne suna. Tashar da aka jingine tana ci gaba da riƙe sunanta, saboda haka idan aka zo buɗe sabuwa da wannan suna manhajar za ta ce an riga an ɗauka. Maganinsa ba gogewa ba ne: a farfaɗo da tsohuwar, a sauya mata suna ta hanyar ƙara shekara a ƙarshe, misali kasafin-kudi-2023, a sake jingine ta, sunan ya kuɓuta. Sunan tasha yana ɗaukar haruffa har 80, don haka wuri ba zai yi ƙaranci ba. Ma'aikatar da ta saba sauya suna kafin jinginewa ba za ta taɓa cin karo da wannan matsala ba.

Mataki na huɗu: ka saita wanda zai iya jinginewa

A tsarin asali kowane cikakken memba yana iya jingine tashar da yake ciki. Mamallaki yana iya taƙaita wannan. Ka latsa sunan zauren, ka bi Tools & settings zuwa Workspace settings, ko ka rubuta my.slack.com/admin/settings, ka shiga ɓangaren Permissions, ka nemi Channel Management ka latsa Expand. A sabbin fuskokin manhajar an tattara waɗannan izini a ƙarƙashin Roles & permissions. A wurin za ka ga jerin tambayoyi: wa zai buɗe tasha ta kowa da kowa, wa zai buɗe ta sirri, wa zai jingine, wa zai cire mutum daga tasha. Ga kowace ana iya barin ta ga dukkan membobi ban da baƙi, ko a tsayar da ita ga admin da mamallaka, ko ga mamallaka kaɗai. Ka zaɓa, ka latsa Save.

A nan shawarata ta saɓa wa abin da shugabanni da yawa suke yi. Da zarar an taɓa jingine wata tasha mai muhimmanci bisa kuskure, sai a fusata a ƙwace ikon daga hannun kowa. Sakamakon shi ne duk ƙaramar shara ta koma kan admin, su kuma idan aiki ya yi musu yawa sai su nemi a ƙara musu abokan aiki, a ƙarshe a sake cika zauren da masu ikon gogewa, wanda shi ne haɗarin da ake gudu tun farko. Kuskuren jinginewa ana gyara shi cikin minti biyu. Saboda haka a ma'aikatar da mutanenta suka san juna ya fi kyau a bar wa membobi wannan iko, a matse gogewa kaɗai. Inda ya kamata a taƙaita jinginewa shi ne zauren da aka buɗe wa jama'a masu yawa da ba a san su ba, kamar ƙungiyar masu sana'a ɗaya ko ta tsofaffin ɗalibai. Idan tashoshi suna yawa fiye da kima, taƙaita masu buɗe sabuwa ya fi amfani a kan yawaita masu sharewa.

Tun da kana cikin wannan shafi, ka duba wasu ƙofofi biyu da tarihi yake zurarewa ta cikinsu ba tare da an goge tasha ba. Ta farko ita ce izinin gyara saƙo da goge shi, inda za ka iya hana membobi share abin da suka rubuta. Ta biyu ita ce wa'adin ajiyar saƙonni, wanda idan aka saita shi a kan wasu kwanaki manhajar za ta riƙa share tsofaffin saƙonni da kanta. Masu amfani da tsarin kyauta kuma su sani cewa tun 2022 saƙonnin kwana 90 na baya kawai suke gani, kuma daga watan Agusta na 2024 Slack ta fara goge saƙonni da fayilolin da suka haura shekara ɗaya a wannan tsari. Ga irin waɗannan zauruka jinginewa ba ajiya ce ta dindindin ba.

Mataki na biyar: abin da za a yi kafin a goge

Akwai lokutan da gogewa ta dace: tashar da aka buɗe don gwaji, tashar da aka maimaita bisa kuskure kuma babu komai a ciki, ko wadda aka zuba bayanan sirrin abokan ciniki a cikinta alhali bai halatta su zauna a wurin ba. Ko a nan ma kada a bar hukuncin a hannun mutum ɗaya. Ma'aikata ta tsara cewa mai son a goge tasha zai rubuta bukatarsa a wata tasha da aka ware don haka, ya faɗi sunan tashar da dalilinsa, shugaban sashen ya amince a rubuce, sannan a jingine ta tsawon wa'adin da aka yarda da shi, misali wata ɗaya. Idan wa'adin ya cika ba wanda ya zo nemanta, sai a ci gaba. Wannan rubutaccen tsari yana da ƙarin amfani a ƙananan tsare-tsare, domin cikakken kundin da yake rubuta wanda ya goge tasha da lokacin da ya goge yana samuwa ne a tsarin Enterprise na manyan kamfanoni.

Bayan haka a ɗauki kwafi. Mamallaki ko admin yana iya kwaso saƙonnin tashoshin da suke buɗe ga kowa a kowane tsari: daga Workspace settings a latsa Import/Export Data, a shiga Export, a zaɓi tsawon lokacin da ake so, a latsa Start Export. Idan ya kammala za a aiko da imel, a sauke ƙunshin ZIP wanda kowace tasha take da jakarta a ciki, saƙonnin kuma a rubuce cikin tsarin JSON, kowace rana da fayil ɗinta. Abu biyu ne za a kiyaye. Na farko, kwafin yana ɗauke ne da mahaɗar da take kai wa ga hotuna da takardu, ba su kansu ba, don haka duk takarda mai daraja a sauke ta daban. Na biyu, wannan hanya ba ta haɗa da tashoshin sirri da saƙonnin mutum da mutum. Kwaso waɗannan ya fi sauƙi a manyan tsare-tsare kamar Business+, kuma sai mamallaki ya nemi amincewar Slack. Idan tashar ta shafi kuɗi, kwangila, ladabtar da ma'aikaci ko shari'ar da ke gaban kotu, a tuntuɓi lauyan ma'aikata kafin a taɓa ta.

Mataki na shida: gogewar kanta

Admin ko mamallaki ya yi wannan aiki daga kwamfuta, inda allo yake da faɗi kuma kuskuren yatsa ya fi wuya. Ya buɗe tashar, ya karanta sunanta sau biyu, domin tashoshi masu kama da juna kamar ta kasafin bana da ta kasafin bara su ne aka fi rikitawa. Ya latsa sunan, ya shiga Settings, ya gangara ƙasa ya zaɓi Delete this channel. Manhajar za ta yi gargaɗi cewa ba a dawo da abin da aka goge, ta kuma bukaci a sa alama a akwatin tabbatarwa kafin maɓallin ƙarshe ya yi aiki. Bayan an gama ya koma tashar bukatu ya rubuta cewa an aiwatar, da kwanan wata da inda aka ajiye kwafin.

Idan admin ne amma maɓallin ya ƙi fitowa

Dalili na farko shi ne babbar tashar zaure, wadda aka daɗe ana kira general, a sabbin zauruka kuma sunanta yake farawa da all sannan sunan ma'aikata. Kowane cikakken memba yana cikinta dole, kuma ba a jingine ta, ba a goge ta, ko da babban mamallaki ne. Abin da za a iya yi shi ne sauya mata suna, ko taƙaita masu rubutu a ciki ta zama ta sanarwa kawai.

Na biyu shi ne tashar sirri. Muƙamin admin ba ya buɗe wa mutum tashar sirrin da ba a gayyace shi ba. A ƙananan tsare-tsare ko ganinta ba zai yi a jeri ba. Sai wani daga cikin membobinta ya shigar da shi kafin ya iya yin komai, wanda ke nufin zai ga abin da aka tattauna a ciki, don haka a sanar da membobin tukuna. A Business+ da Enterprise akwai shafin kula da tashoshi da yake ba masu izini damar jinginewa ko gogewa daga waje, kuma a Enterprise ana iya naɗa mutum a muƙamin kula da tashoshi kaɗai ba tare da an damƙa masa sauran ikon admin ba.

Na uku shi ne tashar da aka raba da wata ma'aikata ta hanyar Slack Connect. Irin wannan tasha mallakar ɓangaren da ya buɗe ta ce, kuma admin na ɓangaren da aka gayyata ba shi da cikakken iko a kanta. Ko da ku ne masu tashar, ladabi da kariyar kai sun bukaci a sanar da abokan hulɗar a rubuce, a ba su lokaci su ɗebi abin da suke bukata, a raba haɗin, sannan a yi maganar gogewa.

Ma'aikatar da take amfani da Microsoft Teams, wata manhajar tattaunawar aiki irin wannan, tare da Slack ta lura cewa dokar can daban ce. A Teams mamallakin tawaga yana da akwati a saitin izinin membobi wanda yake ba su damar goge tashoshi da dawo da su, kuma tashar da aka goge ana iya maido da ita cikin kwana 30. Ma'aikacin da ya saba da wannan sassauci, idan aka naɗa shi admin a Slack, a zaunar da shi tun ranar farko a nuna masa cewa a nan babu waɗannan kwana 30, a kuma sa shi ya karanta tsarin bukatun gogewa kafin a sauya nau'in asusunsa.